Kafar Gefen Hagu

Gwanjo na saye ta a Kano, layin masu kwamfuta,
baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa.
Na kawo ta Kirikasamma cikin buhun taki
don lissafin ƙungiyarmu ta masu shinkafa.

A gefenta na hagu akwai wata siririyar kafa,
faɗin yatsu biyu, an toshe ta da roba.
Shekara guda ban san aikinta ba.
Na ɗauka ta nan take shan iska.
Lantana, autata, ta cusa mata katin waya kankararre.
Zanzaro ya zo auna fili zai yi gini, na kore shi.

Sai daren da janareton Mati ya yi tari,
wuta ta zo da fushi
ta cinye kafofin filash duka uku.
Ba firinta, ba linzami.
Sunayen mutum ɗari da sha ɗaya na ciki,
da bashin iri, da kuɗin famfo,
kamar hatsi a rumbun da aka liƙe bakinsa.

Na hau babur sai Haɗeja.
Ɗayyabu mai gyara bai ko kwance ta ba.
Ya sa farce ya zaro robar, ya hura,
ya ce, "Sakatare, magini ya bar maka ƙofa,
kai kuma kana neman tsanin haura katanga."
Ya tura wani kati, ya ce ƙyas,
sai ga sababbin kafofi biyu sun leƙo waje.
Ramin ƙarya ne ƙurarre.
Wannan, ashe, hanya ce.

Tun daga nan nake tara katuna
a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.

Shekarar da kogi ya karya madatsar Gabas,
ɗaya ya karanta min memorin kyamarar Tanimu:
shinkafa ta nutse har wuya,
kwalekwale na ratsa gonar Uwani bazawara,
kan famfo kaɗai ke waje kamar kan kada.
Na zare shi, na sa mai layin waya,
na hau tudun bayan firamare, inda sabis yake tsayawa,
na ɗaga ta sama kamar mai nuna jariri ga dangi,
hoto goma sha huɗu suka tafi Dutse
ɗaya bayan ɗaya, har la'asar sakaliya.
Mun nemi buhu ɗari, aka turo arba'in.
Arba'in ɗin dai mun ci.

Na ukun ba don ƙungiya na saya ba.
Na sauti ne, da makirufo ɗan ƙarami.
Na zaunar da Baba Barau masunci a gindin tsamiya,
ya lissafa min kifin da ya sani:
tarwaɗa, karfasa, gargaza, ragon ruwa,
minjirya mai girgiza hannu,
da wasu biyu da ya ce sun bar kogin nan tun yana saurayi.
A tsakiya ya tsaya ya zagi wata akuya.
Ban goge ba.
Ya rasu da bazara.
Jikokinsa kan zo da dare,
wurin akuyar suke cewa in maimaita.

Yanzu batirinta ya mutu, allon ya ja layi kore.
Ɗayyabu ya ce na yanzu sirara ne kamar takarda,
sumul, ba a bar musu wannan kafa.
Na ce to, Allah ya ba mai saye haƙuri.

Da na tashi ginin ɗakin baya,
na ce wa Iro magini ya bar ƙofa a gefen hagu,
mu toshe ta da zana.
Ya ce, "Ina za ta fita? Nan ai kango ne."
Na ce ban sani ba tukuna.
Ka dai bar ta.